Ɗan Mai Ginar Rijiya a Ƙarƙashin Teku

Ubana mai ginar rijiya ne. Na daɗe ban iya faɗin wannan magana kai tsaye ba. Shekara talatin da ƴan kai na yi ina koyarwa a lakwal, in abokin aiki ya tambaye ni sana'ar gidanmu, sai in ce noma, in kau da zancen. Ba ƙarya na yi ba, gama muna noma kamar kowa. Amma da an kai hatsi rumbu, Baba yakan ɗauki dagi da igiya ya bi ƙauyukan da ke arewa da Maradi, inda ruwa ke da nisa, inda rijiya takan kai gaba 20, wata ma 30. Ƴan'uwa masu karatu, ina so in ba ku labarin yadda na daina jin kunyar wannan sana'a. Sai da na yi furfura, na bi ta ƙarƙashin teku cikin jirgin ƙasa, kana na gane abin da ubana ya sani.

Ina da shekara 11 aka kira Baba wani ƙauye, ya tafi da ni da yayana, ɗansa na fari. A lokacin an fara yin rijiyar siminti. Akan haƙa kamar mita ɗaya, a kafa wani ƙarfe mai kama da ganga, a zuba siminti tsakaninsa da ƙasa, a bar shi ya kwana, gobe a ci gaba. Dokar Baba ɗaya ce, kowa kuwa ya san ta: ba a barin ƙasa tsirara bisa kan mutum. Da aiki ya yi nisa sai siminti ya ƙare, wanda ya yi alkawarin kawowa bai zo ba. Baba ya tafi nema da kansa, ya ce kada kowa ya sauka sai ya dawo. Ga shi kuwa ƙasar da ake fitarwa ta fara danshi, alamar ruwa ya yi kusa. Matan garin tun asuba suke fita neman ruwa, ba su dawowa sai rana ta take. Mutane suka yi ta zuwa wurin yayana suna cewa, saura kaɗan fa, kai ma ai gwani ne, me za a jira? Shekararsa 19, ga ƙarfi, ga son yabo. Rana ta biyu ya ɗaura igiya ya sauka.

Ina bakin rijiya tare da masu jan ƙasa. Ya haƙa wajen gaba ɗaya da rabi ba tare da an zuba siminti ba. Da la'asar muka ji wata ƙara wadda ba ta kai ta faɗuwar buhu ba, sai ƙura ta taso, igiya ta ƙi motsi. Sai washegari aka fito da shi.

Baba ya iso da jakuna biyu ɗauke da siminti. Ya tsaya ya dubi rijiyar, bai yi kuka ba, bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Gina ta wuce gini." A Hausar wajenmu, abin da wasu ke kira haƙa, mu gina muke cewa. Nufinsa, haƙa ta yi gaba ta bar ginin da zai riƙe ƙasa a baya. Wannan magana ta soke ni. Na ce a raina, ɗansa ne kwance, shi kuwa zancen aiki yake yi. Da shekara ta kewayo ya kai ni makarantar mishan, ya hana ni ko leƙa rijiya. Daga nan na tashi da abu biyu cikin zuciyata, tsoron kowane irin rami, da wani ƙulli game da ubana wanda bai kwance ba har ya rasu.

Shekarun baya kaɗan ƴata da ke aikin jinya a Landan ta haihu, aka ce in je in ga jikata. Na fara sauka Paris wurin ɗana. Kwana biyu da isowata ya ce, "Baba, na saya mana tikitin jirgin ƙasa zuwa Landan." Na ce, "Ashe ba teku ne tsakanin Faransa da Ingila ba?" Ya ce, "Ta ƙarƙashinsa za mu bi." Na ce masa ya mai da tikitin, ni ba na shiga. Yaron bai yi gardama da ni ba. Ya san halina, ya san malamin makaranta ba ya iya ganin littafi ya ƙyale. Sai ya aro mini littattafai a kan aikin, ya kuma nuna mini hotunan aikin a kwamfuta, ya ce muna da mako biyu. Na zauna na yi ta karatu kamar mai shirin jarrabawa, tambaya ɗaya kuwa nake nema wa amsa: me ke riƙe da ƙasa da ruwa bisa kan mutanen nan?

Na fara da nauyin ruwa, gama duk wanda ya taɓa ɗaukar tulu ya san ruwa ba abin wasa ba ne. In ka nutsa mita 10 cikin ruwa, kowane fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, yana ɗauke da nauyin tan 10. A mita 60 ya zama tan 60. Ruwa kuma ba daga sama kaɗai yake dannawa ba, ta kowane gefe yake neman kafa, in ya sami tsaga kamar ta allura zai bi ta, ya faɗaɗa ta. Wannan bai kwantar mini da hankali ba ko kaɗan. Abin da ya fara kwantar da shi shi ne da na gane hanyar da ke tsakanin Faransa da Ingila ba cikin ruwa take ba. Cikin ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan take, galibi wajen mita 45 ƙasa da gindin tekun.

Ba kuma kowace ƙasa aka shiga ba. An yi shekaru ana huda gindin mashigin ruwan nan, wanda Faransawa ke kira Mansh, ana zaro ƙasa ana dubawa. Aka sami wani shimfiɗaɗɗen alli mai gauraye da yumɓu, wanda ke da taushin yanka, ga shi kuma ba ya barin ruwa ya wuce da sauƙi. Shi aka bi, in ya yi ƙasa a yi ƙasa, in ya karkata a karkata, don haka hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Da na karanta wannan sai na tuna Baba. Kowane kwandon ƙasa da aka jawo, yakan damƙi kaɗan ya murza, ya shinshina, wani lokaci har ya taɓa da harshe, sannan ya ce wannan za ta tsaya, wannan kuwa mai gudu ce. A da ina ganin abin kamar ƙauyanci.

Sai dai ko ƙasa mai kyau ba a sake jiki da ita, balle laka da yashin gindin kogi. Wanda ya fara samo dabarar shiga irin wannan ƙasa shi ne Marc Brunel, Bafaranshe da ya zauna Ingila. Kafin shi an gwada haƙa hanya ƙarƙashin kogin Tems a Landan, ruwa da yashi suka kori masu aikin. An ce ya lura da wata tsutsa mai cin katakon jiragen ruwa. Kanta yana da ɓawo mai tauri da take huda da shi, tana tafiya tana shafe bangon raminta da wani abu mai ƙarfi. Mu ba mu san wannan tsutsa ba, amma mun san gara, wadda ba ta tafiya sai ta yaɓe hanyarta. A 1818 ya yi rajistar dabararsa, a 1825 aka fara aiki.

Abin da ya ƙera, garkuwa ake kiransa. Katafaren ƙarfe ne mai sashi 12 a jere, kowane sashi hawa 3, wato ƙananan ɗakuna 36, kowanne da mutum ɗaya a ciki. Ƙarfen yana riƙe da ƙasar sama da ta gefe. Ƙasar da ke gaban mutum kuwa an tokare ta da allunan katako. Sai ya cire allo ɗaya, ya haƙa kamar santimita 11, wato faɗin tafin hannu da ɗan ƙari, ya mai da allon ya tokare, sannan ya cire na gaba. In an gama da allunan duka, sai a tura garkuwar gaba, magina na biye suna jera tubali a inda ta tashi. Ba a taɓa buɗe ƙasa fiye da faɗin allo ɗaya. Na ajiye littafin na ce, wannan ai dokar Baba ce aka yi wa jikin ƙarfe.

Duk da haka kogin bai bar su ba. A watan Mayu na 1827 ruwa ya ɓarko ya cika ramin. Aka bi ta saman kogi da jiragen ruwa ana jefa buhunan yumɓu har aka toshe kafar, aka kwashe ruwan, aka koma. A watan Janairu na 1828 ya sake ɓarkowa, mutum 6 suka mutu. Ɗan Brunel, mai suna Isambard, wanda ke lura da aikin yana ɗan shekara 21, da kyar aka jawo shi da rai. A nan na daɗe ban juya shafi ba. Ga wani uba da ɗansa a rami ɗaya, sai dai shi an mayar masa da nasa. Kuɗi suka ƙare, aka toshe ramin har shekara 7, kana aka ci gaba. Sai a 1843 aka buɗe shi. Shekara 18 ke nan a kan mita 396. Amma har yau jiragen ƙasa na birnin Landan suna bi ta cikinsa.

Injinan haƙa na zamaninmu jikokin wannan garkuwa ne. A gaba akwai wani babban faifan ƙarfe mai haƙora, yana juyawa yana gugar ƙasa, ƙasar na fita ta baya. Bayan faifan akwai gangar ƙarfe inda mutane ke aiki cikin kāriya. Cikin gangar wani hannun inji yana ɗauko lanƙwasassun sassan kankare da aka riga aka zuba a waje, yana jera su har su zama zobe, da roba a tsakaninsu don kada ruwa ya ratsa. Sannan a ɗura ruwan siminti a cike tazarar da ke tsakanin zoben da ƙasa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda injin da aka yi domin ƙasa mai ruwa yake tafiya. Zoben da aka gama jerawa, shi yake tokarawa ya tura kansa gaba. In ba a kafa zobe ba, ba shi da abin takawa. An ƙera shi yadda gina ba ta iya wuce gini, ko da mai tuƙa shi yana sauri, ko da ana zuga shi.

Allin ɓangaren Faransa yana da tsage-tsage masu ruwa, don haka injinan can an rufe gabansu ruf, yadda ruwan da ke dannowa ba zai shigo wurin mutane ba. A zamanin da, iska ake hurawa cikin rami da ƙarfi don ta tare ruwa, amma wannan ya nakasa mutane da yawa, gama in mutum ya fito da gaggawa daga iska mai nauyi, ciwo yakan kama gaɓoɓinsa, wani ma ya mutu. Yanzu injin ne ke ɗaukar wannan nauyi.

Da injina 11 aka yi aikin, wasu daga Ingila, wasu daga Faransa, ana auna hanyarsu da wani siririn haske mai tafiya sak, tare da kwamfuta. Ran 1 ga Disamba 1990 masu haƙa daga ɓangarorin biyu suka huda ƙasar da ta rage tsakaninsu, suka yi musafaha a ƙarƙashin teku. Sun rufe kusan kilomita 38 na ƙarƙashin ruwa, amma kuskuren da ke tsakaninsu bai kai rabin mita ba. An buɗe hanyar ran 6 ga Mayu 1994. Tsawonta duka kilomita 50 da ɗan kai. Ramuka uku ne a jere, biyu na jiragen ƙasa, ɗaya ƙarami a tsakiya domin gyara da tsira, da ƙofofi masu haɗa su bayan kowace mita 375. Da gobara ta kama wani jirgi a ciki a watan Nuwamba na 1996, ta wannan ramin na tsakiya aka fid da mutane, ba wanda ya mutu. Amma a lokacin ginin, ma'aikata 10 sun rasa rayukansu. Ban so in tsallake wannan ba, gama na san kowannensu yana da ƙane ko uwa da ke jiransa.

Ba ko'ina ake samun alli mai kirki ba. A Japan, hanyar Seikan da ke haɗa tsibirin Honshu da na Hokkaido ta bi ta cikin dutse mai tsage-tsage, mita 240 ƙasa da fuskar teku. Can sai da aka riƙa tura dogayen ƙarafa gaba ana huda siraran kafofi don a ji abin da ke jira, kamar yadda Baba kan caka sandar ƙarfe a gindin rijiya kafin ya sa dagi. In an ji ruwa, sai a ɗura siminti da wasu magunguna cikin tsagogin har dutsen ya toshe, kana a fasa shi da nakiya. Sau 4 ruwa ya yi musu babbar ambaliya, mutum 34 suka mutu, aka buɗe hanyar a 1988. Har yanzu famfuna suna kwashe ruwan da ke tsattsafowa dare da rana.

Akwai kuma wata dabara dabam wadda ba haƙa rami ake yi ba sam. Inda gindin ruwa laka ce mai taushi, ko inda mashigin bai da faɗin da za a gangara can ƙasa a sake hawowa, sai a gina hanyar a tudu, gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa katon akwatin kankare ne, wanda jirgin ƙasa zai iya wucewa ta cikinsa. A toshe bakinsa biyu da bango na wucin gadi, sai ya taso bisa ruwa kamar goran masunta. Jiragen ruwa su ja shi zuwa inda aka riga aka yashe wani dogon kwari a gindin ruwan. A zuba ruwa cikin tankunan da ke cikinsa, ya yi nauyi, ya sauka a hankali har ya zauna gab da wanda ya riga shi. A bakin kowanne akwai zoben roba mai kauri. In robar ta taɓa, ɗan ruwa yakan maƙale tsakanin bangayen biyu, sai a zuƙe shi da famfo. Da an zuƙe, ruwan tekun da ke danna ɗaya bakin akwatin sai ya tura shi ya manne da ɗan'uwansa gam. Duk wanda ya taɓa ganin wanzami ya kafa ƙaho ya zuƙe iska, ƙahon ya kama fata, ya ga wannan dabara. Ruwan da ake tsoro, shi aka sa ya rufe ƙofa. Daga nan a rushe bangayen wucin gadi daga ciki, a binne akwatunan da tsakuwa da duwatsu daga sama. Da irin wannan aka ƙetare kogin Detroit tsakanin Amurka da Kanada a 1910. Da ita kuma aka ƙetare mashigin Bosforos a Istambul, da gunduwa 11, tsawon kilomita 1 da mita 400, a zurfin kusan mita 60, aka buɗe a 2013.

Wataƙila wani zai ce, don me ba a yi haka a Yamai ba? Gada ta fi araha nesa ba kusa ba, kogin Kwara kuwa ba manyan jiragen teku ke bi ta kansa ba, don haka gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 da waɗanda suka biyo bayanta su ne daidai da mu. Akan shiga ƙasa ne inda ruwa ya yi faɗi ƙwarai, ko inda gada za ta tare wa manyan jirage hanya. A nahiyarmu akwai irin wannan a Masar, hanyar motoci ta Ahmed Hamdi da ke ƙarƙashin mashigin Suwez, wadda aka gama a farkon shekarun 1980. Ba a daɗe ba ruwan gishiri ya fara ratsa bangonta, har sai da aka yi mata wani sabon bango daga ciki a shekarun 1990. Ruwa ba ya gajiya, mai gina ƙarƙashinsa kuwa ba ya cewa ya gama.

Da mako biyu suka cika na ce wa ɗana mu tafi. Jirgin ya tashi daga Paris, ya yi ta keta gonaki. Can sai ya rage gudu, taga ta yi baƙi, kunnuwana suka toshe. Na damƙe hannun kujera. Ɗana ya ɗora hannunsa bisa nawa, bai ce kome ba. Wata mata a gabanmu tana ɓare wa yaronta lemo, wani yana barci da baki buɗe. Na yi addu'a a zuciya, na kuma yi ta tuna wa kaina cewa a bayan wannan duhu akwai zobe, bayansa akwai wani zoben, ba inda aka bar ƙasa tsirara. Ban ce tsoro ya tafi ba, amma ya zauna wuri ɗaya. Bayan kamar minti 20 haske ya dawo, ɗana ya ce, "Baba, sannu da zuwa Ingila."

Na ga jikata, na sa mata albarka. Bayan ƴan kwanaki na roƙi ƴata ta kai ni unguwar Rotherhithe, inda Brunel ya fara aikinsa, gama an mai da wurin gidan tarihi. Kafin a haƙa hanya a kwance, dole a fara sauka ƙasa a tsaye. Abin da Brunel ya yi shi ne, ya gina wata hasumiyar tubali mai faɗin mita 15 a bisa ƙasa, a kan zoben ƙarfe. Mutane suka shiga ciki suna kwashe ƙasar da ke ƙarƙashinta, ita kuwa tana nutsewa a hankali da nauyin kanta. Da ta cije, sai aka loda mata ƙarin tubali a ka har ta ci gaba da sauka. Yanzu an sa matakala, mutum na iya shiga. Na sauka, ni da shekara sittin da wani abu ban leƙa rami ba. Na ji ƙanshin danshi, na ga bango ya kewaye ni, jirgin ƙasa na wucewa a ƙarƙashin ƙafafuna. Sai na ce, "Wannan ai rijiya ce."

Haka Baba yake yi in ya kai yashi mai ruwa, inda ba dama a zuba siminti. Yakan sauke zobban siminti ya jera su, ya shiga tsakiya yana yashe ƙarƙashinsu, suna sauka da nauyinsu, shi kuwa kullum yana cikin kāriyarsu. In sun cije a ɗora musu buhunan yashi. Bai taɓa jin sunan Brunel ba, bai san baƙi ko ɗaya na boko ba. Ƴata ta ce, "Baba, ka taɓa aikin rijiya ne?" Na ce, "Ni ban yi ba. Kakanku ne ya yi, da baffanku wanda ba ku sani ba." A cikin wannan rami na ba ƴaƴana labarin da ban taɓa ba su ba.

Ina cikin faɗa sai na ji maganar Baba da wani kunne dabam. Yayana ɗan fari ne. A al'adarmu uba yana yi wa ɗan fari kara, ba ya kiran sunansa, ba ya nuna ƙaunarsa gaban mutane, balle ya yi masa kuka a bainar jama'a. Ban taɓa jin sunan yayana a bakin Baba ba, ko yana raye ko bayan ya mutu. To me ya rage masa ya faɗa a bakin rijiyar nan? Na kuma tuna abin da ya biyo baya, wanda na gani da idona amma ban lissafa ba. Tun daga ranar bai ƙara karɓar aikin rijiya ba sai ya ga siminti duka a ƙasa ya ƙirga buhunan da hannunsa. Garuruwa da yawa suka ce ya cika tsanani, suka nemi wani, muka sha wahalar rani saboda haka. Bai ƙara barin bakin rijiya ba muddin akwai mutum a ciki. Ba a kuma sake rasa kowa a hannunsa ba har ya ajiye dagi. Ni kuwa da na rage masa, ya ɗauke ni ya kai ni nesa da rami. Kukansa ke nan, ni ne ban iya jin sa ba. Yau ba shi da rai balle in durƙusa in ce ya gafarta mini.

Abin da ya sa na rubuta wannan, ƴan'uwa, har yanzu ƴaƴanmu suna shiga ƙasa. Ana ginar rijiyoyi, ana ginar masai, ana bin zinariya. A watan Nuwamba na 2021 ramukan zinariya suka rufta a yankin Ɗan Isa, kudu da Maradi, aƙalla mutum 18 suka mutu. Ba mu da injin da zai ƙi tafiya in ba a kafa zobe ba. Abin da muke da shi, mu ne da ke tsaye a bakin rami. Mutanen da suka zuga yayana ba mugaye ba ne, ƙishirwa ce ta dame su, na kuwa san da ni babba ne a garin nan da wataƙila ina cikinsu. In garinku ko ikilisiyarku za ta sa a gina rijiya, ku tara siminti ya cika kafin a sara ƙasa. In mai gina ya ce a dakata, ku dakata, ko da ruwa na ƙyalli a gindi. Kada ku kira shi rago, kada ku juya ga yaronsa.

Da na komo gida na hau mota na je ƙauyen. Baba ne ya ƙarasa rijiyar da kansa bayan an yi makoki, ban taɓa tambayar kaina yadda ya iya sauka cikinta ba. Tana nan, bakinta ya sha igiya har ya yi zane-zane. Wata yarinya ta ja guga ta ba ni na sha. Wani dattijo da ke zaune gindin bedi ya tambaye ni daga ina baƙo. Na ce masa ni ɗan wanda ya gina rijiyar nan ne.